An ba ni gurbin karatun noma, in karɓa ko in jira baɗi?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Likitanci na cike a JAMB, makina bai kai ba, sai aka ba ni gurbi a tsangayar aikin gona. Baba ya ce in karɓa. Umma ta ce shekara biyar zan ɓata in fito in riƙe fartanyar da ba a neman takardar firamare kafin a riƙe ta. Ni aiki ne damuwata. Mace da digirin noma ina za ta dosa? Don Allah a ba ni shawara.

Malamin gona mai ritaya, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Fartanya kam za ki riƙe, don a shekara ta huɗu gona ake kai ɗalibai su yi da hannunsu. Amma irin masara SAMMAZ da waken SAMPEA da manoma ke saye, a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru aka fitar da su, kuma kafin iri ya isa kasuwa sai wani ya gwada shi a gonaki, wani ya auna ƙarfin tsirarsa, wani ya duba ƙasar. Duk aiki ne. Cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, suna da ofis a Kano, BUK kuma tana da cibiyar binciken noman wurare masu ƙarancin ruwan sama ga mai son digiri na biyu. Abin da na fi so ki ji shi ne: mata ke matse man gyaɗa, su ke turara shinkafa, su ke kiwon awaki, kuma mu maza ba ma shiga gidan kulle. Na yi ritaya ina ganin ƙarancin malaman gona mata.

Wani ɗan'uwa, Kano:
Baba, a gafarce ni, guraben nan ba su da yawa. Ni ma noma na karanta, kuma abokan karatuna da dama POS suke yi. Aikin ƙungiyoyi kwangila ce, tana ƙarewa a sallame ka. Ƙanwata, in ranki na asibiti, ki sake zama jarabawar.

Wata mai harkar wake, Dawanau:
Malam, masu jiran takardar ɗaukar aiki kake faɗa. Ƙanwata, kuɗin noma yana bayan girbi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Alhali akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: ki cika, ki ɗaure kowane ninki tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Gyaɗa da masara kuma gubar fumfuna ke jawo a ƙi sayensu a waje, har IITA ta yi wani magani mai suna Aflasafe don rage ta tun a gona. Wadda ta iya auna laimar hatsi, ta iya ajiya da tsaftacewa, 'yan kasuwa ne za su neme ta. Ni a makare na koyi wannan, ke a aji za a koya miki.

Wani daga Maraɗi:
Mu nan tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin rassa kaɗan su girma, abin da muke ce wa sassaben zamani. An kiyasta ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. Ayyukan gyaran ƙasa suna neman matasan da suka iya kwamfuta da taswira, su shiga gona da waya su tattara bayanai. Ki haɗa da wannan tun aji ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Umma, ba ta ce komai ba sai a maganar wake ta tambayi kuɗin buhun. Zan karɓa, amma zan sake cike JAMB kamar yadda Yaya ya ce. Anti, in an yi hutu zan iya zuwa in koya?

Mai harkar wake:
Ki zo da kaka, lokacin ne kaya ke shigowa. Ki taho da takunkumi, ƙura ta yi yawa a sito.