Idan aka cuso muku sabon aiki a tsakiyar zango, yaya kuka yi?

Sabuwar Injiniya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja. Ina neman waɗanda abin nan ya taɓa faruwa da su, su ba ni labarin yadda suka yi da kansu.

Mu bakwai ne a tawagarmu, muna bin tsarin Scrum, wato tsarin da ake raba aiki zango-zango, zangonmu kuma, wanda a wurin aiki muke ce wa sifirint, mako biyu ne. Ranar Litinin muka zauna muka tsara aiki, muka ɗauki aikin maki 34, wato ma'aunin da muke kiyasta nauyin aiki da shi. Burin zangon shi ne mai amfani da manhajar ya iya sauya lambar sirrinsa da kansa ba sai ya kira mu ba. Ranar Alhamis shugaban sashen kasuwanci ya zo ya tsaya a bayan kujerata, ya ce wani babban abokin ciniki yana son rahoto kafin Talata, wai ƙaramin abu ne, ba zai ɗauke ni awa biyu ba. Na ji nauyin ce masa a'a. Rahoton ya cinye mini kwana uku. Ranar nuna aiki nawa kason bai kammala ba, kuma babu wanda ya san inda kwana ukun suka shiga, domin rahoton bai taɓa hawa allon bibiyar ayyukanmu na manhajar Jira ba. Wannan ne karo na uku cikin wata biyu, har na fara jin kunyar taron tsayuwa na safe, inda kowa ke faɗin inda aikinsa ya kai.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, shekarata goma sha biyu a wannan sana'a kuma ban taɓa aiki inda ba a yi mini haka ba. Abin da ya fi ja hankalina a maganarki shi ne aikin bai hau allo ba. A nan gizo ke saƙar. Aikin da ba a gani ba a lissafa shi, wanda ya yi shi kuma shi za a ɗauka a matsayin mai jan ƙafa.

Mu ma mun sha wannan wahala kusan shekara guda. A lokacin allonmu na bango ne, da 'yan takardu masu mannewa, layi uku: wanda ke jira, wanda ake yi, wanda aka gama. Wata safiya manajanmu ya shigo ana tsakiyar taron tsayuwa da buƙatarsa ta gaggawa. Mai kula mana da tsarin Scrum bai musa masa ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta aikin, ya tambaye mu maki nawa zai ci, muka ce 8. Sai ya miƙa wa manajan takardar ya ce, ranka ya daɗe, allon ya cika, a duba wanda za a sauke mai maki 8 a manna wannan a gurbinsa. Manajan ya tsaya gaban allo ya yi jim, yana karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya kai hannu kan guda, ya janye, domin ita ma shi ya nema makonni biyu da suka wuce. Daga ƙarshe ya ce a bar sabon sai zango mai zuwa. Daga baya ya kira mai ragamar manhajar, wato wadda ke jera ayyuka bisa muhimmancinsu, suka daidaita jerin ayyukan tare, wanda dama can ta hannunta ya kamata ya biyo.

Ki sani cewa ƙa'idar tana bayanki. Ken Schwaber da Jeff Sutherland, waɗanda suka gabatar da Scrum a 1995, sun rubuta a jagoran tsarin, wanda aka sabunta a Nuwamban 2020, cewa a cikin zango ba a yin sauyin da zai jefa burin zangon cikin haɗari. Ana iya sake tattauna girman aikin idan an ƙara fahimtar wani abu, amma da mai ragamar manhaja ake yi, shi ne ke da alhakin jera abin da ya fi muhimmanci. Ba ke za ki ce wa babba a'a ba. Ki ce masa, to yallaɓai, bari mu je wurin mai ragama tare yanzu, domin a saka shi a inda ya dace.

Maigwaji

Ni mai gwada manhaja ce, kuma duk aikin da aka cusa a tsakiya a kaina yake ƙarewa. Ranar saki ba ta motsawa, sai lokacin gwaji ya yi ta tsukewa. Akwai zangon da aka saka mana sabon filin rangwame a shafin biyan kuɗi saura kwana biyu. Kod ɗin, wato rubutun manhajar, ya iso hannuna ranar Juma'a da yamma. Na gwada sabon filin ya yi daidai, amma ban samu damar sake bin tsofaffin hanyoyin ba. Aka saki. Washegari ya bayyana duk wanda bai saka lambar rangwame ba, maɓallin biya ba ya amsa masa. Mu huɗu muka kwana biyu muna gyara.

A zaman waiwaye na zangon, inda muke duba yadda aikin ya gudana, na roƙi abu ɗaya, a rubuta a sharaɗin kammalawarmu cewa ba a kiran aiki gamamme sai ya wuce gwajin tsofaffin hanyoyi, ko da wa ya kawo shi. Aka amince. Tun daga nan idan an zo da na gaggawa, kiyasin ya haɗa da lokacina, kuma awa biyun da ake faɗa takan koma kwana ɗaya da rabi tun a baki.

Mai Ragama

Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, tunda ni ce wadda Malam Tsohon Hannu yake cewa a turo wa mutane. Na yarda da shi, sai dai ina tsoron matasa su karanta su ɗauka cewa zango katanga ce. Mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Amurka cikin Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar Ajayil, wato ƙa'idojin rubuta manhaja cikin sauƙin karɓar sauyi, ɗaya daga cikin manyan abubuwa huɗu da suka fifita shi ne amsa sauyi a kan bin tsari sau da ƙafa. Cikin ƙa'idojinsu 12 ma akwai wadda ta ce a yi maraba da sauyin buƙata ko da aiki ya yi nisa. Na taɓa aiki da tawagar da ta mayar da "sai zango mai zuwa" amsar kowace tambaya, har abokin ciniki ya gaji ya tafi.

Sau ɗaya na taɓa soke zango gaba ɗaya, a kwana na huɗu. Kamfanin da muke bi ta hanyarsa wajen karɓar kuɗi ya sanar da cewa zai rufe tsohuwar hanyar haɗuwa da shi cikin ɗan gajeren lokaci, kuma burin da muka sa a gaba an gina shi ne a kan wannan hanyar. Ci gaba da shi ɓata ƙarfi ne. A Scrum mai ragama kaɗai ke da ikon sokewa, kuma ban ji daɗin yin hakan ba, domin na ga fuskar wanda ya kwana uku yana rubuta abin da za a jefar. Muka sake zaman tsarawa a ranar.

Abin da nake roƙon injiniyoyi shi ne ku gaya mini a ranar da aka same ku, kada sai ranar nuna aiki. 'Yar uwa, da kin aiko mini da saƙo ranar Alhamis ɗin nan, wataƙila da na gano cewa abokin cinikin lambobi uku kawai yake so, waɗanda za a iya ciro masa da hannu cikin minti ashirin. Hakan ya faru da ni ba sau ɗaya ba.

Ɗan Kanban

Mu dai mun bar zango baki ɗaya. Tawagarmu ita ke rubuta sabbin abubuwa, ita ke kuma kula da manhajar da mutane ke amfani da ita dare da rana. Muka yi zango shida muna sa wa duk aikin da ya faɗo ba shiri jar alama. Da muka ƙirga, sai muka ga jajayen sun fi rabi. To wane amfani ne a zauna awa uku ana tsara mako biyu alhali rabin tsarin zai rushe?

Muka koma Kanban, tsarin da asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota yake, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da kati wajen hana a ƙera abin da ba a buƙata tukuna. Layin "ana yi" namu ba ya ɗaukar fiye da kati huɗu. A saman allo akwai layin gaggawa, kati ɗaya tak yake ɗauka. Idan manya biyu suka zo kowa da nasa na gaggawa, su za su sasanta tsakaninsu wanda zai fara hawa. Amma in faɗi gaskiya, mun yi asarar wani abu. Da muna da buri ɗaya da kowa ke kallo, yanzu wani lokaci sai ka ji kamar kati kawai kake turawa. Shi ya sa muka riƙe zaman waiwaye duk mako biyu, ba mu yar da shi ba.

Mai Zane

Namu mai sauƙi ne. Ba ma cika zango taf, muna barin kusan kashi ɗaya cikin biyar a buɗe, kuma kowane zango akwai mutum ɗaya mai jiran gaggawa, ana karɓa-karɓa. Sauran ba a taɓa su.

Maigwaji

Malam Mai Zane, mun gwada haka. Da manya suka gane akwai gurbi, sai kowa ya riƙa tanadin abin da zai zuba a ciki tun kafin zangon ya fara. Yaya kuka hana wannan?

Mai Zane

Hajiya, mun rubuta ma'anar gaggawa a gefen allo: manhaja ta tsaya, ko bayanan mutane na cikin haɗari, ko ana asarar kuɗi a yanzu. Duk abin da bai shiga ukun nan ba layi zai bi. An yi ta gardama a watan farko.

Bawan Allah

Ba na son in karya miki gwiwa, amma kin ce a faɗi abin da ya faru. Ni na yi duk abin da aka ambata a sama bai yi aiki ba. A inda nake a da, mai ragamar suna kawai gare shi, mai kamfanin ne ke yanke komai ta waya, wani lokaci ƙarfe goma na dare. Da na fara ɗora ayyukan da ake cuso mini a allo, sai aka ce ina tona asirin shugabanni. Ana kuma kwatanta makin da muke gamawa da na wata tawaga, alhali maki kiyasi ne na cikin gida, 5 ɗinmu ba ita ce 5 ɗinsu ba. Abokan aikina suka fara kumbura kiyasi don su tsira. Na yi wata takwas ina fama, barcina ya lalace, na nemi wani wurin. Abin da zan ce ki lura da shi shi ne ko mai ragamarku tana da ikon ce wa wannan shugaban ya jira. Idan ba ta da shi, gyaran ya fi ƙarfin kujerarki, kuma kada ki ɗora wa kanki laifin.

Sabuwar Injiniya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya muka yi zaman waiwaye, na daure na faɗi maganar kwana ukun. Ashe mutum biyu a tawagar su ma an yi musu haka, kowa ya yi shiru yana tsammanin shi kaɗai ne. Mai ragamarmu ba ta san ko ɗaya ba. Ta ce daga yanzu a turo mata, kuma mun amince mu sa jar alama irin ta Malam Ɗan Kanban na zango huɗu mu ga yawansu. Shugaban kasuwancin bai ji labari ba tukuna, ta ce za ta same shi ranar Litinin kafin zaman tsarawa. Yaya Tsohon Hannu, idan ya sake zuwa bayan kujerata kafin nan, in buɗe katin a gabansa ne, ko in fara kiranta?