Muhawara a zauren dangi: shin gyara cima da motsa jiki sai mai hali?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ga saƙon da 'yata ta turo cewa kowane gida ya gyara cimarsa, ya kuma riƙa motsa jiki. A ganina wannan magana ta masu hali ce, domin magidancin da ke unguwar Kurna ko Rijiyar Lemo a Kano, wanda da ƙyar yake haɗa kuɗin cefane, ba zai sayi tuffa da kifi kullum ba, balle ya biya kuɗin gidan motsa jiki.

Yaya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, Kawu, ai ba tuffa nake nufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma zogale da rama da yakuwa da alayyahon da ake kasawa a kasuwar Yankaba duk suna cikin lissafin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gishiri. Ƙa'idar ita ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ba, amma a tukunya ɗaya sai mu marmasa dunƙule huɗu, mu zuba gishiri, sannan a barbaɗa yajin da shi ma akwai dunƙule a cikinsa. Hawan jinin da ya kama mahaifiyarmu ne ya sa na fara ƙirgawa, kuma ragewar ba ta cin ko sisi.

Gwaggo: Kin yi gaskiya a kan gishiri, 'yar nan, mu da daddawa muka tashi kuma miya ba ta rasa daɗi ba. Inda ban yarda da ke ba shi ne motsa jikin mata. A zamaninmu mun yi surfe, mun yi daka, mun ja ruwa a rijiya, yanzu kuwa inji ya karɓe. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya, tsakar gidan duk igiyar shanya, ina za ta yi tattakin?

Kawu: Ku ƙara da tsadar gas. Wake yakan daɗe a kan wuta, taliyar yara kuwa kafin a shimfiɗa tabarma ta dahu, shi ya sa iyaye suka koma mata.

Yaya: Wannan kam ba zan musa ba, Kawu, ko da yake jiƙa waken tun dare yana rage lokacin dahuwarsa sosai. Gwaggo, abin da ake nema wurin babba minti 150 ne a mako, kuma ba dole sai a lokaci guda ba. Shara da wanki da hannu suna shiga ciki idan har numfashi ya ɗaga, haka ma zuwa Islamiyya a ƙasa. Yara su ne ke buƙatar minti 60 kullum, kuma su ne muka bari da waya a hannu tun daga la'asar.

Auta: Ni ina bayan Yaya. Wata biyu ke nan ina sauka daga adaidaita a Ƙofar Nassarawa, in ƙarasa Kantin Kwari a ƙasa, na kuma daina shan lemon kwalba da rana.

Gwaggo: Kai namiji ne, Auta, titi naka ne. Ni dai har yanzu tambayata tana kan matar da ba ta fita sai da dalili.