Inda ake yanke maganin HIV a Zamfara

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganin ARV, wato maganin da ke danne ƙwayar cutar HIV, kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma kowane wata sai an nemi wasu masu karɓarsa an rasa. Wanda ranar karɓar maganinsa ta wuce da kwana 28 bai zo ba, a lissafi ya yanke magani. Kowa ya faɗi inda ake tuntuɓe a yankinsa.

Mai ba da magani, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Sista. Hanya ce kan gaba. Mutumin Zurmi ko Shinkafi da aka ba na wata ɗaya, in 'yan bindiga suka tare hanya sati biyu, kwalba ta ƙare. Duk wanda gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da 1000 a kowane mililita na jini, a ba shi na wata uku ko shida, kada a jira sai ya roƙa. Masu gudun hijira kuwa su riƙe katinsu ko kwalbar da ta ƙare, da su asibitin da suka sauka zai gane irin wanda suke sha.

Ungozoma, Talata Mafara:
Malam, ka bar na mata. Mace ba ta faɗa wa maigida tana da cutar ba, tana tsoron saki ko gorin kishiya, ga shi sai da izininsa za ta fita. Ta haihu a gida, jariri ya rasa ruwan nevirapine, maganin kare shi daga ɗaukar cutar, da ya kamata a fara ba shi da zarar ya faɗo, kullum har sati shida. Gara a miƙa wa uwa kwalbar tun a awo, kafin watanta ya tsaya. A sati na shida a ɗiga jinin diddigen yaro a takarda don gwajin HIV, a kuma bi sawun sakamakon, don yakan makale a hanya. Wannan na ci mini rai ƙwarai.

Sai maganin ƙarin jini na masu ciki: yana hana TLD, ƙwayar maganin HIV da ake sha kullum, shiga jiki sosai. A sha su tare da abinci, ko TLD ya riga shi da awa biyu.

Jami'in tarin fuka, Gummi:
Hajiya, irin wannan akwai a wajenmu. Maganin tarin fuka na rifampicin na rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD. Dole a ƙara ƙwayar dolutegravir mai miligiram 50, awa 12 bayan TLD, har sati biyu bayan kammala maganin tari. Matsalar ita ce ɗakin tari daban, na HIV daban, mara lafiya kuma ya ɓoye wa ɗaya abin da yake karɓa a ɗayan.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Allah ya saka. A kuma riƙa tuna wa masu shan maganin kafin azumi: ƙwaya ɗaya ce a rana, a mayar da ita bayan buɗa baki ko sahur. Wasu ajiyewa suke yi sai bayan Sallah.