Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba "tablet" a cikin aji?

Malamin firamare, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa malamai da masana harshe. Ina neman shawararku a kan sunan na'urar nan mai faɗi wadda ta fi waya girma amma ba ta kai kwamfuta ba, wadda muka ara daga Faransanci muna ce mata "tablet". Ta fara shiga wasu makarantunmu, galibi ta hannun ƙungiyoyi masu tallafa wa ilimi, kuma tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ina ganin bai dace mu riƙa rubuta wa iyaye takarda da Hausa alhali ba mu da sunan abin da muke yi musu magana a kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da iyaye suka riga suka laƙaba mata, wato "babbar waya". A taron iyayen yara, da zarar an ce za a ba ɗalibai babbar waya, sai fuskoki su canza, domin uban da ya hana ƴarsa riƙe talho a gida ba zai yarda lakwal ta danƙa mata wadda ta fi shi girma ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mu kanmu muna hana shigowa da waya aji, kamar yadda Faransa ta hana da doka tun 2018 a firamare da kwalej, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya yi gargaɗin kada a shigar da fasaha aji sai inda za ta taimaki karatu. To, ta yaya zan ce wa yaro waya haramun ce a aji, sannan in miƙa masa babbar waya? Ina son suna wanda zai raba abubuwan nan biyu tun daga baki. Zuciyata ta fi karkata ga "allo", kuma uku nake juyawa: allon zamani, allon lantarki, da allon hannu.

Malamar kwalej, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Na goyi bayan raba su, domin a ajina bambancin a fili yake. Waya ta ɗalibi ce, tana da layi, tana da WhatsApp da TikTok, ana ɓoye ta ƙarƙashin tebur ko cikin hijabi, kuma ko mai ƙoƙarin cikinsu ya koyi ɗaukar hoton abin da na rubuta a tablo maimakon ya kwafe shi a kaye, sai ranar jarrabawa a tarar hoton yana nan amma karatun bai shiga ba. Ita kuwa wadda makaranta ke rabawa, malami ne ya san abin da aka zuba mata, ana raba ta a farkon darasi a karɓe a ƙarshe.

Sai dai "allon hannu" ba zai yiwu ba, saboda ardwaz ɗin da yara ke rubutu da alli su ɗaga sama shi ne allon hannu na asali, kuma a ƙananan azuzuwa za a riƙa aiki da su biyun a darasi guda. Na sha jin "kwamfutar hannu" a gidajen rediyo, amma wasu na nufin kwamfutar tafi-da-gidanka da ita, ga shi kuma ta yi tsawo ga bakin yaron da ya shigo aji ɗaya.

Malami mai ritaya, Tawa:

Ƴaƴana, ku yi mini haƙuri in saɓa muku. Ba yau na'ura ta fara shiga aji a Nijar ba. Tun 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwa na Yamai da kewaye, kuma daga wannan shirin ne gidan talabijin na ƙasa ya samo tushe. Babu wanda ya zauna ya raɗa wa akwatin suna, jama'a suka ce "tele", har yau kuma tele ce. Haka lakwal, haka mushe da muke kiran malami, haka kaye da bik, duk mun are su, sun zauna a bakinmu, ba su rage wa Hausa komai ba. Na ga kalmomi masu kyau da aka ƙirƙira a ofis suka mutu a cikin littafi domin kasuwa ba ta karɓe su ba. Mai sayar da kayan waya a kasuwar Tawa ba zai daina cewa tablet ba don mun yi taro. Ni a ganina a gyara rubutunta kawai, a ce "tabilet", a wuce ga abin da ya fi muhimmanci, wato azuzuwan zana da yaran da ke zaune a ƙasa.

Mai nazarin harshe, Yamai:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana da nauyi, kuma zan ƙara mata ƙarfi kafin in rabu da ita. Wannan karon Faransanci da Ingilishi sun yi tarayya a kalmar, don haka aronta ba zai raba mu da ƴan'uwanmu na Najeriya ba kamar yadda lakwal da mushe suka raba mu. Amma akwai cikas. A Najeriya wannan kalmar ce kuma ake kiran ƙwayar magani da ita, ta yadda takardar da ta ce an raba wa yara tabilet a makaranta za ta iya ɗaga hankalin uwa a Illela ko Sakkwato, mu kuwa littattafanmu da muryoyinmu na rediyo ba sa tsayawa a iyakar Birnin Ƙonni. Bayan haka kalmar ba ta da tsayayyen jinsi ko jam'i a bakin mutane, wani ya ce ta lalace wani ya ce ya lalace, in sun yi yawa kuma sai a rasa yadda za a tara su.

Allo ba shi da wannan matsala, namiji ne, jam'insa alluna, kowane yaro ya san shi kafin ya san lakwal. Shi ma aro ne, daga Larabci al-lauh, amma ya daɗe har ya haifi ƴaƴa: allon kafaɗa, allon sanarwa, makarantar allo. Abin lura shi ne Turawan ma daga ma'anar allo suka ɗauko tasu kalmar ta tablet, domin asalinta kalmar Latin ce mai nufin shimfiɗaɗɗen katako wanda ake rubutu a kansa. Larabawan yau sun gina sunan na'urar a kan lauh. A Najeriya, lokacin da jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare irin wannan na'ura a 2013, ta kira ta Opon Imo da Yarabanci, ma'ana allon ilimi. Saboda haka Malam bai yi nisa ba da ya kama allo, abin da ya rage shi ne kalmar da za ta bi shi.

"Allon zamani" shi ne zai fi saurin shiga kunne, kuma shi ne na fi tsoro. Mun riga mun cika harshen da takin zamani, wayar zamani, ilimin zamani, har kalmar ta daina bayyana komai sai cewa abin sabo ne, sabon abu kuwa tsufa yake yi. Ban da haka, sunan yana nuna kamar allon da almajirai ke karatu da shi ya zama na da, alhali yana nan da ransa a kowace unguwa. "Allon lantarki" ya fi shi gaskiya, amma a nan Nijar mutane kuran ko wuta suke cewa, kuma allunan talla masu haske da ke bakin titi su ma na lantarki ne.

Hausa ta saba raɗa wa kayan aiki suna daga aikin da ake yi da su: keken ɗinki, injin niƙa, ruwan sha. Abin da ya bambanta wannan na'ura da kwamfuta shi ne ba ta da maɓallai a jere, da yatsa ake shafa fuskarta ta amsa, kuma jama'a da kansu sun riga sun fara cewa wayar shafa don su bambanta ta da mai maɓallai. Don haka ina ba da shawarar "allon shafa", jam'i "allunan shafa". Idan wata rana aka kawo mana irin babban nan da ake kafawa a bango a madadin tablo, ba sai mun sake zama ba, babban allon shafa ke nan.

Malamin makarantar allo, Tawa:

Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini abin da kuka rubuta, na ce ya rubuta mini amsa. Allo a wurinmu abu ne mai alfarma, ba a taka shi, ba a ajiye shi inda ƙazanta take, ko ruwan da aka wanke shi ba a zubarwa ko'ina. Da na ji za a ba na'urar da ake kallon raye-raye a cikinta sunan allo, raina bai so ba. Amma na tuna cewa allon bango na makarantar boko ma allo muke ce masa tun tuni, ba a taɓa ganin ya rage wa namu daraja ba, kuma na ga almajirai manya suna duba Alƙur'ani da tafsiri a cikin irin wannan na'ura. Abin da nake roƙo shi ne kada a yanke sunan a bar "allo" shi kaɗai a rubuce, kuma na gode wa wanda ya ƙi "allon zamani", domin wannan kam da ban yarda da shi ba.

Malamin firamare, Tawa:

Allah ya gafarta Malam, mun karɓi sharaɗinka, kuma amfaninmu ne ma, tunda aji guda zai ƙunshi alluna iri uku. Na gwada sunan da irin umarnin da muke bayarwa kullum, na ga yana tafiya ba tare da harshe ya sarƙe ba: ku ajiye ardwaz ku ɗauko allon shafa, ku kunna, ku shafa zuwa shafi na gaba, mutum uku ga allo ɗaya, ku kashe ku kawo. Tsorona ɗaya shi ne kusancin shafa da shafe, kada yaro ya ji kamar an ce ya goge abin da ke ciki, amma a aji "goge" muka fi cewa idan ana maganar tablo, don haka ruɗanin ba zai yi yawa ba.

Baba, ban manta da azuzuwan zana ba, kuma sunan ba zai sa na'urar ta dace da kowace makaranta ba. Inda ake aiki da ita sosai, ba a dogara da rezo, ana zuba littattafai da darussa a cikinta tun farko ko a wata ƙaramar na'ura da ke rarraba musu a cikin aji ba tare da intanet ba, ana cajinsu da faifan hasken rana, a kulle su cikin akwati a ofishin darakta. Duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ƙauyukan jiharmu da yawa ba su da kuran, ga ƙurar hunturu da zafin bazara da ke cin batir, kuma idan gilashin ya fashe babu mai gyara kusa. Amma ko don mu gaya wa iyaye da hukuma waɗannan matsalolin dalla-dalla, muna bukatar sunan da ba zai sa su zaci waya muke nufi ba. Kasuwa ta ci gaba da cewa tablet, ba mu da faɗa da ita, mu dai a aji da takardun makaranta mu tsaya a kan allon shafa. Ina roƙon wanda ke da hanya a INDRAP, inda ake shirya littattafan koyarwa da harsunan gida, ya miƙa musu wannan shawara, tunda makarantu masu koyarwa da harshe biyu, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, su ne za su fara bukatar kalmar a rubuce.

Malami mai ritaya, Tawa:

Ban canza ra'ayi a kan kasuwa ba, ɗana, amma hujjar iyaye ta shige ni. Ku gwada da yara, domin idan suka ɗauka suka kai gida, to ta zauna.

Malamar kwalej, Yamai:

Ni ma na amince. Ga yadda zan rubuta a takardar da za mu aika wa iyaye, a duba mini: "An hana ɗalibi shigowa aji da waya, ƙarama ko ta shafa. Allon shafa kayan makaranta ne, ba shi da layin kira, malami ne ke raba shi lokacin darasi, kuma ba a zuwa da shi gida." Sai dai a layi na gaba ina son in gargaɗi yara kada su danna gilashin da bik ko tsinke, kuma na lura wasu masu fassara suna kiran gilashin kansa allo, wanda zai ba mu allon allo. Na rubuta "fuskar allon shafa" kafin in ji ta bakinku, kuma ranar Litinin ne za a buga takardar.