Neman shawara: yaya za mu haɗa manoman Kura da matan unguwarmu?

'Yar Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanin maigidana yana noman rani a Kura da ruwan Tiga. In kakarsa ta kama, tumatir har kwantai yake yi a kasuwar Kwanar Gafan, wani ya ruɓe a kwando, mu kuma nan cikin gari na leda muke matsawa a miya. Abin yana damuna. Mu ashirin ne a islamiyyar matan aure, muna so mu riƙa sarowa daga gona. Wa za mu jawo, kuma da me za mu fara?

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku fara da ɗanyen tumatir. Kwana uku ya yi laushi, asara ɗaya kuma ta isa ta watsa tafiyar mutum ashirin. Ku fara da abin da ke jure ajiya: shinkafar Kura, albasa, busasshen tattasai. Tumatirin ku saya lokacin araha ku yi kauɗa, a shanya kan tabarma, ba a ƙasa ba. Wanda ya ga 2016, da tsutsa ta cinye gonaki kwando ya gagari kowa, ya san darajar kauɗa.

Ɗan Yankaba: Ni dillali ne, bari in kare kaina. Ana cewa mu ke tsawwala farashi, amma wa ke biyan mota da 'yan dako, wa ke ɗaukar ruɓaɓɓe? In kun tsallake mu, ku za ku ɗauka. Ku lissafa kuɗin mota daga Kura tukuna, Hajiya, kada a yi ba a tsinana komai ba.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, mu a Kurna mun gwada da gero daga Dawanau. Mai unguwa muka fara gaisarwa, shi ya ba mu zauren da ake sauke buhu, liman ya yi sanarwa bayan la'asar. Amma waɗanda suka riƙe mu masu abincin sayarwa ne da masu fura, don kullum suna buƙata. Kuɗi kuwa kamar adashi, kowa ta zuba kafin mota ta tashi. Bashi ne ya kusa kashe mu: wata ta kwashi tiya biyar, har yau sai gaisuwa daga nesa.

Tsohon Malamin Gona: Ku tambayi manomin ranar da ya yi feshin maganin ƙwari na ƙarshe. Malaman gona na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, za su iya haɗa ku da ƙungiyar manoma, ya fi ku rataya a wuyan mutum ɗaya, ga shi kuma ɗan uwa.

'Yar Gwale: Allah ya saka da alheri. Maganar ɗan uwan nan ta shige ni, gara kuɗin su bi ta hannun ƙungiya. Ranar Asabar zan kai wa malamarmu batun shinkafa da albasa. Maman 'Yan Biyu, wa ke riƙe muku kuɗin, ke ko matar mai unguwa?