A katinta an rubuta "matar gida": wa ke da kaka irin tawa?

Jikar Mai Ƙuli, Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau kwana 12 da rasuwar Iya, kakata ta wajen uba. Jiya muna kwashe kayan ɗakinta na ci karo da tsohon katinta na ɗan ƙasa a ƙasan kwalla. Gurin ranar haihuwa ba rana ba wata, "wajen 1930" kawai aka sa. Gurin sana'a kuma, matar gida. Na yi dariya, sai kuma hawaye.

Ita dai cewa take an haife ta shekarar da Nasara suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram (Zinder) suka kai Yamai, wato 1926. In haka ne ta kusa ɗari. Matar gidan nan kuwa, tun kafin a haifi babana take yin mai da ƙuli. Kafin assalatu ta hura wuta, ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe. Da can a turmi take dakawa, sai daga baya inji ya zo unguwa. Abin da ba na mantawa shi ne lokacin fitar da mai: tana yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan tana juyawa, ba ta yi wa kowa magana, har tunkuza ta haɗe mai ya taso yana ƙyalli. In ka matsa kusa ta ce tashi, idonka zai hana shi fita. Da kuɗin nan babana ya yi lakwal, wato makarantar boko, da shi aka yi wa gwaggonnina uku kayan ɗaki. Ni kishiya take ce mini, har ranar da ta cika ba ta taɓa kiran sunan babana ba, ɗan fari ne.

Wanda ya tashi hannun irin wannan tsohuwa ya ba mu labarinta.

Ɗan Zango:
Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Tawa fura take yi. Ni ne mijin, don haka ni ke cin dawo na farko, sauran jikoki su yi ta ƙorafi. Wahalarta ba daka ba ce, ruwa ne. Duk wanda ya girma a Zinder ya san abin da nake faɗi. A watan bazara famfo ya yi kwanaki ba ɗigo, ta tashe mu cikin dare mu bi layi da tulu, don ta ce ba za ta wanke gero da ruwan da ba ta san inda ɗan garuwa ya ɗebo ba.

Maman Biyu:
Allah ya gafarta musu. Kakata ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Ladanta sabulu, turmin zane in an samu, da ƙafar ragon suna. Kwana arba'in tana zuwa gidan mai jego safe da yamma, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. Da aka fara matsa wa mata su je gidan likita ba ta yi gardama ba, ita ce ma ke raka su, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta.

Malam na Miriya:
Ku bar ni in ɗan tsawaita. Hajiyarmu fatauci take yi tsakanin nan da Kano, ta Matamai da Daura. Ta kai tabarmi da kayan lambu busassu, ta dawo da atamfa da kwanonin samira ta sayar a kasuwar Dole. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa cin ta a lissafi: dala, jika, naira, duk a ka. A 1984 Najeriya ta rufe iyaka, aka canza naira cikin ƴan kwanaki, ita kuwa jarinta rabi naira ne a ƙulle cikin lalita. Ya zama takarda. Ga fari ya zo a shekarar, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Ta sayar da awakinta biyar ta sayi gero, ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida kamar ba ita ce mai zuwa Kano ba. Shekara 10 bayan haka, a 1994, aka karya darajar sefa, kaya suka yi tsada, ta ce wannan ai wasa ne, wanda ya ga El Buhari ya ga komai.

Ƴar Auta:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Muna yabon juriya, amma hayaƙin murhu ne ya cinye idon kakata, shekarunta takwas na ƙarshe a duhu ta yi su. Mu da aka yi wa karatu da kuɗin waina muka watse Yamai da Agadas, sai aiken kuɗi ta waya. In na kira ta ce kishiya, kuɗi ba ya hira. Ina ta cewa sai hutu, sai hutu. Ban samu jana'izarta ba.

Ɗan Zango:
Ƴar Auta kin taɓa inda ke ciwo. Allah ya yafe mana.

Jikar Mai Ƙuli, Birni:
Amin, na gode ƙwarai. Malam, na karanta wa gwaggona labarin Hajiyarku, ta ce Iya ma ta yi asarar naira a shekarar, mu ba mu taɓa ji ba. Yanzu rigimar da ake a gida ta turmin ce: ya tsage ta gefe an ɗaure shi da waya, amma mutum uku ke son sa. Sadakar arba'in za a yi ta a gida nan Birni, gwaggo ta ce ƙuli za a raba maimakon waina, ita za ta soya. Wanda ke gari ya zo bayan sallar asuba.