Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mod" na wasan kwamfuta?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina gabatar da shirin matasa da fasaha a wani gidan rediyo nan Kaduna, ana sa shi ranar Asabar, kuma furodusa yana son rubutun a hannunsa kafin daren Alhamis. Na wannan makon a kan Skyrim ne, wasan kamfanin Bethesda na Amurka da ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011. Duniyar almara ce: kai ne jarumin, ka zaɓi takobi ko baka ko sihiri, ka yi ta yawo kana karawa da 'yan fashi da dodanni masu aman wuta. Wasan ya haɗu, amma faɗansa ba armashi. Ka kai wa mutum sara, yawanci ko gezau ba zai yi ba, layin ransa kawai ke raguwa a saman allo. Shi ma ya rama, ku yi ta yi har wani ya faɗi. Shi ya sa masu buga wasan da kansu suke rubuta ƙananan manhajoji su ɗora a kai don faɗan ya canza. Abin da ake ɗorawar sunansa "mod", aikin kuma "modding". Kalma biyu nake nema, ta abin da ta aikin. Iyaye ma suna sauraron shirin, ina so su gane.

'Yar Barnawa: Wa alaikumus salam. Kwaskwarima. "Masu wasan sun yi masa kwaskwarima." Kowa zai gane, har kakata.

Abban Rigasa: Ko gyaran fuska. Ko kuma faci kawai.

Injiniyan Panteka: Faci ba zai yi ba, Abba, yana da mai shi. Shi ne gyaran da kamfani ke fitarwa da kansa in an gano matsala. Mod kuwa ba hannun kamfani a ciki, iyakarsa dai Bethesda ta saki kayan aikin, Creation Kit, a farkon 2012, ta bar wa mutane.

Kwaskwarima kuma ta yi daidai da rabin abin ne. In mod ɗin na ƙara wa bishiyoyi da fuskoki kyau ne, na yarda. Amma na faɗa wani abu ne daban. A nan Panteka in an kawo mana a-daidaita-sahu aka yi fenti da sitika, wannan kwaskwarima ce. In muka sauke inji muka taɓa giya, ba wanda zai kira shi haka. Ga misalan mod na faɗa. Ku duba abin da Precision ke yi: sai bakin takobin ya taɓa jikin mutum da gaske kafin a ƙirga sara, kuma in kana cikin matsattsen kogo ka ɗaga dogon takobi, bango zai daka ya dawo maka. TK Dodge ya ba ka damar gocewa. True Directional Movement ya sa ka kafa ido kan abokin gaba ɗaya kana zagaya shi. Valhalla Combat ya sa in ka ɗaga garkuwa daidai lokacin da sara ke sauka, ka ci riba a kansa, kuma in ka yi ta sara ba lissafi ƙarfinka ya ƙare. Wannan garambawul ne.

Ɗan Kawo: Madalla, Injiniya. Garambawul ta kama aikin. Amma shi abin fa? Ba zan ce "na sauke garambawul guda biyar daga Nexus Mods" ba, wato shafin intanet da ake sauke mod.

Malam Bazazzagi: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma raina ya ɓaci da yadda ake saurin miƙa wuya. Faci Turanci ne. Mod Turanci ne. Shin Hausa ta mutu ne? Waɗanda suka ba mu jirgin sama da Majalisar Ɗinkin Duniya ba su ce lokaci ya ƙure musu ba, zama suka yi suka yi tunani. Kai da bakinka, ɗana, ka ce "ɗorawa" sau biyu a tambayarka. To ga kalma: ɗorau. Jam'i ɗorau-ɗorau, ko a bar shi yadda yake. Mai yin sa maɗori. Aikin kuwa garambawul ɗin Injiniya ya yi, tunda ita Hausa ce tsantsa.

Malama Hausa, Unguwar Rimi: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Da izininka zan ce abu biyu. Garambawul aro ce daga Turanci, ta bakin makanikai ta shigo, ta daɗe ne har ta zama 'yar gida. Na biyu, maɗori yana da aikinsa, shi ne mai ɗora karaya. In Ɗan Kawo ya ce "maɗoran Skyrim" a rediyo, mai sauraro asibitin ƙashi zai tuna.

Sai ɗorau ɗin kansa. A kunnena, siffar nan ta aikin da ake yi don a biya ce: dakau, wankau, niƙau, surfau. Mace in tana dakau, ba hatsin gidanta take dakawa ba, kuɗi take nema. Su kuwa waɗannan yara, in na fahimci Ɗan Kawo, kyauta suke yi.

Injiniyan Panteka: Haka ne, Malama, kuma maganar ba ƙarama ba ce a wurinsu. A watan Afrilun 2015 kamfanin Valve da Bethesda suka buɗe sayar da mod na Skyrim a Steam, kasuwar wasanni ta Valve a intanet, wanda ya rubuta yana samun kashi 25 cikin 100. Mutane suka yi caa, ba a cika mako guda ba aka janye. Daga baya a 2017 Bethesda ta kawo Creation Club, inda ake biya, amma duk waɗanda na lissafa a sama kyauta ne. In ka kira aikinsu da sunan da ke warin ƙwadago, ka taɓa musu inda yake yi musu ciwo.

Malam Bazazzagi: Malama, siffar ba ta ƙwadago kaɗai ba ce. Mantau nawa ake biyansa? Gagarau fa? Fiddau fa? Kin ɗauki huɗu da suka yi miki, kin bar sauran. Kalma sabuwa ma'anar da aka ɗora mata take ɗauka. A faɗe ta a rediyo mako huɗu a jere ku gani in ba ta zauna ba.

Bakano a Kaduna: Malam, kana wahalar da kanka ne. Garin da ake cewa "zan je in dawo naw-naw" za ka koya wa ɗorau? Hausar Kaduna ta bariki ce tun asali. A kai maganar Kano, jami'ar Bayero na da cibiyar harsuna, aikinsu ke nan.

'Yar Barnawa: A'a fa, Yaya, kar ka fara. Tun 1962 rediyon Kaduna ke magana, kuma Hausarsa ce iyayenmu suka tashi da ita daga Sakkwato har Borno. Shekararka nawa kana cin abinci a garin nan kana raina shi? Mu muna zaune da Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarbawa, Hausa ce ke haɗa mu a kasuwa. Wannan ba abin kunya ba ne.

Malam Bazazzagi: In tarihi za a bi, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara buga ta, 1939. Rubutacciyar Hausar boko a can ta yi ƙarfi. Ban faɗa don alfahari ba, don a san inda aikin ƙirƙirar kalma ya saba zama ne.

Bakano a Kaduna: Amma daidaitacciyar Hausa a kan karin wa aka gina ta, Malam?

Abban Rigasa: Jama'a, yaron nan Alhamis yake da ita.

Ɗan Kawo: Na gode, Abba. Malam, wallahi ban raina ɗorau ba. Na shiga gidan gem da ke kusa da mu da yamma na gwada ta. Yara biyu na kan kwamfuta, ɗaya ya sa sababbin motsin faɗa bai kunna Nemesis ba, manhajar da ke sa sababbin motsin su yi aiki, sai ga jarumin nasa tsaye ƙiƙam ya shanya hannuwa biyu, kyarkeci na cizonsa ya kasa ko ɗaga takobi. Na tambaye shi, "Ɗorau nawa ka sa?" Ya kalle ni. Na ce mod. Nan take ya fara lissafo su, har yana gaya mini wanne ya kamata ya hau kan wanne, wai sai wata manhaja mai suna LOOT ta jera masa su in ba haka ba wasan ya riƙa mutuwa. Matsalata ke nan. In na ce ɗorau, yaran da shirin ke magana a kansu ba za su san da su nake ba. In na ce mod, iyayensu ba za su gane ba.

Malama Hausa, Unguwar Rimi: To ka ba kowa nasa. Karon farko ka faɗi mod, ka bi shi da bayani gajere: ƙarin da masu wasa ke ɗora wa wasa da kansu, ba kamfani ba. Wannan "ba kamfani ba" kar ka yar da shi, shi ne zuciyar abin, kuma duk kalmomin da muka kawo ba wadda ta ɗauke shi. Wasan Counter-Strike da yaranmu suka sani ai haka ya faro a 1999, wasu mutum biyu ne suka gina shi a kan wani wasa, Half-Life, kafin kamfani ya karɓa. Daga nan sai ka riƙa cewa ƙari ko mod, yadda jimla ta fi daɗi.

Abin da ya fi damuna ma ba mod ba ne, kalmomin faɗan ne, kuma nan Hausa ba ta bukatar aron komai. Gocewa, karewa, kaɗe sara, tangaɗi, juriya, duk muna da su. Sulke, kwalkwali, garkuwa, kwari da baka. Je ka gidan dambe ka saurari yadda ake bayanin turmi, za ka cika rubutunka. Kar in ji ka ce "dojin" maimakon gocewa a rediyo.

Injiniyan Panteka: Na goyi baya. Kuma ka ce tsarin faɗa, kar ka ce yaƙi. Yaƙi na runduna ne, wannan mutum ɗaya ne da mutum biyu ko uku. Artabu ka ajiye wa karo da dodo.

Malam Bazazzagi: Ƙari kalma ce da ta yi sako-sako. Ƙarin albashi ƙari ne, ƙarin da ke fitowa a jiki ma ƙari ne. Haka kullum ake yi, a ce "na wucin gadi ne", shekara goma ta wuce baƙuwar kalma ta yi kaka-gida, sannan a zo ana cewa Hausa ba ta da kalmar kimiyya.

Ɗan Kawo: Ga abin da zan miƙa: "Masu buga Skyrim sun daɗe suna yi wa tsarin faɗansa garambawul da kansu, ta hanyar ƙananan manhajoji da ake kira mod, wato ƙarin da 'yan wasa ke ɗora wa wasa, ba kamfani ba." Kwaskwarima zan bar wa masu gyara hoto. Malam, a ƙarshen shirin zan faɗa cewa wani malami ya ba da shawarar ɗorau, in nemi masu sauraro su turo ra'ayinsu.

Malam Bazazzagi: Ba haka na so ba. Amma ka faɗe ta daidai, da ɗ mai lanƙwasa, kuma ka sa ta cikin cikakkiyar jimla don a ji yadda take zama. Ga ɗaya: "Ya sa ɗorau uku, faɗan ya gyaru."

Bakano a Kaduna: Ni har yanzu ina ganin a tura wa Kano.

Malama Hausa, Unguwar Rimi: Ka tura, Yaya, ba wanda ya hana. Ɗan Kawo, wanda ke rubuta mod ɗin fa, me ka kira shi a rubutun? Kar ka sa maɗori.

Ɗan Kawo: "Mai haɗa mod" na sa, Malama. In akwai wadda ta fi ta, ina nan har ƙarfe tara na daren Alhamis.